Awon imfidans na elektrod a ruwan gishiri: akwai hanyar sauri ko haƙuri kawai zan yi?

Ɗalibin Lab:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar elektrod ku zo ku cece ni, kaina ya ɗau zafi. Ina da faranti mai elektrod 32 na filatinam, kowanne ɗan zagaye ne faɗinsa milimita 2, ina tsoma shi a ruwan gishiri na 0.9% ina auna imfidans, wato turjiyar da karant mai kaiwa da komowa ke fuskanta, na mahaɗar ƙarfen da ruwan ɗaya bayan ɗaya da fotenshiyostat, na'urar da ke saita boltej ta auna karant. Daga 100 kHz nake gangarowa har 0.1 Hz, awo goma a kowane ninki goma, kowane elektrod yana cin wajen minti 3, kun ga 32 ɗin sun haura awa ɗaya da rabi kenan. Wannan ma duk mai sauƙi ne, abin da ya fi ci min rai shi ne in na gama na 32 na dawo kan na 1 don in tabbatar, sai in tarar lambar ta sauya kamar ba shi na auna ɗazu ba. To me nake kwatantawa kenan? Akwai yadda zan yi abin nan ya koma daƙiƙu maimakon mintuna?

Oga Sakit:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kai ka wahalar da kanka wlh. Sa 1 kHz kawai, firikwensi ɗaya, ka karanta girman da kusurwar ka wuce na gaba. Zagaye ɗari na 1 kHz kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne, duka 32 ɗin ba za su ci maka daƙiƙa goma ba har da lokacin da suwic ke canja layi. Masu elektrod ɗin jijiya da ƙwaƙwalwa haka suke yi tun tuni, duk takardar da ka ɗauka za ka ga "imfidans a 1 kHz" an wuce wajen.

Malama Kemistiri:
Oga, kafin yaron nan ya ɗauki shawarar nan bari mu yi ɗan lissafi. Su masu jijiya suna da dalilinsu, siginar da suke farauta tsawonta wajen milisakan ɗaya ne, shi ya sa 1 kHz ta dace da su. Shi kuma bai ma faɗa mana abin da yake farauta ba tukuna.

Ɗauki elektrod ɗinsa. Rabin faɗi milimita 1, fili wajen 0.031 cm². Ƙarfe mai santsi a cikin ruwan gishiri yana ba da kafasitans wajen 10 zuwa 40 µF a kowane cm², mu ɗauki 20, ka sami 0.63 µF kenan. Wannan kafasitans ba wani ne ya saka shi ba, ayon ɗin ruwan ne ke jeruwa a fuskar ƙarfen su yi shimfiɗa biyu ta caji, abin da Helmholtz ya fara bayyanawa tun 1853, Gouy da Chapman suka gyara, Stern ya haɗa su a 1924. To a 1 kHz wannan kafasita tana ba da wajen 250 Ω. Shi kuma ruwan da kansa, ga elektrod mai zagaye, turjiyarsa ɗaya ce bisa huɗu sau kondaktibiti sau rabin faɗi, lissafin Newman na 1966, da 1.5 S/m za ka sami wajen 170 Ω. Ka ga a 1 kHz ɗin naka abu biyu ne a cakuɗe kusan kai ɗaya, na'ura ta nuna maka wajen 300 Ω, rabin labarin na ruwa ne ba na mahaɗa ba. Sauko 10 Hz mahaɗar ta koma 25 kΩ, sauko 1 Hz ta zama 250 kΩ. Elektrod ɗaya ne fa, ninki dubu tsakanin lambobin. Wacce ce a ciki imfidans ɗinsa?

Oga Sakit:
Na ji Malama, amma ai na ce ya karanta kusurwar ma, in yana da girma da kusurwa ya raba su biyu, ɓangaren turjiya na ruwa, ɓangaren kafasita na mahaɗa, shikenan.

Malama Kemistiri:
Da a ce kafasita ce tsantsa da ka yi gaskiya. Filatinam ba ya ba da digiri 90 cif, kusurwar takan tsaya ƙasa da haka a faɗin firikwensi mai yawa, shi ya sa ake saka CPE, wato kafasitar lissafi wadda kusurwarta ba ta cika 90 ba, a madadin kafasita, ita kuwa lamba biyu gare ta. Haɗa da turjiyar ruwa sun zama uku, kai kuma awo ɗaya lamba biyu kacal yake ba ka. Ba a maganar turjiyar wucewar caji da Warburg (imfidans ɗin bazuwar ayon a ruwa) ma tukuna, waɗanda ke cikin sakit ɗin Randles na 1947, su sai can ƙasa suke leƙowa.

Ɗalibin Lab:
Malama na gode sosai. Abin da nake so shi ne in ga yadda mahaɗar ke canzawa bayan na shafa wa wasu elektrod ɗin wani rufi, wasu na bar su haka, in bi su na tsawon sa'o'i. Kenan ina buƙatar ƙasan, 1 kHz kaɗai ba za ta ishe ni ba.

Mai Batir:
To ai maganinka maltisain ne ɗan'uwa, mu a ɓangaren batir shi muke yi in ana so a ga imfidans alhali batirin na kan caji. Maimakon ka riƙa aika sain (sigina mai firikwensi guda) ɗaya ka jira ta gama ka aika ta gaba, sai ka harhaɗa guda ashirin ko fiye ka aika su a lokaci guda, ka ɗauki boltej da karant ɗin duka, ka yi musu FFT, lissafin da ke rarrabe sigina firikwensi-firikwensi, ka raba na boltej da na karant a kowane firikwensi, shi kenan ka sami duk zanen a tashi ɗaya. Tsawon awon zai zama na mafi ƙanƙantar firikwensi ne kawai, 0.1 Hz zagaye ɗaya daƙiƙa 10, ka zubar da zagayen farko saboda abin bai zauna ba, ka ɗauki uku, daƙiƙa 40 kenan maimakon minti 3. Sau 32 wajen minti 21.

Ɗalibin Lab:
Minti 21 ai har yanzu da yawa Yaya 😭 na ɗauka za ka ce min daƙiƙa biyar

Baba Injiniya:
Yaro zauna in gaya maka, don na ga nan ne duk mai neman sauri yake yin tuntuɓe. Babu wata dabara, ko maltisain ko fols ko wani sabon suna da za a zo da shi gobe, da za ta ba ka labarin 0.1 Hz a cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ke ɗaukar daƙiƙa goma kafin ya juyo sai ka zauna ka kalle shi na wajen daƙiƙa goma. Ka je ka duba awonka na yanzu da agogo a hannu: daga 100 kHz zuwa 10 Hz kafin ka gyara zama ya wuce, duk lokacin a ninki goma na ƙarshe yake tafiya, daga 1 Hz zuwa 0.1 Hz. Tara tsawon zagaye ɗaya ɗaya na waɗannan awo goma sha ɗaya za ka sami daƙiƙa 45, na'urarka in tana ɗaukar zagaye uku ka ga minti biyu da ɗoriya sun tafi a nan kaɗai. Masu nazarin tsatsa da ke sauka har 1 mHz zagaye ɗaya daƙiƙa 1000 ne, kusan minti 17, su ba sa ma kuka.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce ina ne ƙasan da nake buƙata da gaske. In abin da rufin naka ke canzawa ya riga ya fito fili a 1 Hz, me ya kai ka 0.1? Maltisain mai ƙasa a 1 Hz daƙiƙa 4 ne kowane elektrod, 32 ɗin minti biyu da 'yan daƙiƙu. Yanke ninki goma ɗaya ya fi duk wata dabarar sigina saya maka lokaci.

Mai Batir:
Wannan gaskiya ne Baba. Amma bari in ƙara masa gargaɗi kar ya je ya harhaɗa sain ɗin yadda ya ga dama. In duk ka fara su a kusurwa ɗaya, akwai lokacin da kawunansu za su haɗu gaba ɗaya, sain 20 masu 5 mV su tashi 100 mV a ƙiftawar ido, ka fita daga inda mahaɗar ke amsawa a miƙe. Dalilin da ya sa ake tsayawa a 5 zuwa 10 mV shi ne boltej ɗin zafi, kT bisa q, wajen 26 mV ne a 25°C, sai kana ƙasa da shi sosai lissafin imfidans ke da ma'ana. Don haka ka warwatsa kusurwoyin, akwai tsarin Schroeder na 1970, ko ka sa kwamfuta ta yi ta gwada na kan-mai-uwa-da-wabi ta zaɓi wanda tsininsa ya fi gajarta. Kuma ka sani ba kyauta ba ce, in jimlar 10 mV ce aka raba wa 20, kowacce wajen 2.2 mV za ta samu (da kusurwoyi a warwatse 10 bisa √20 ne, ba bisa 20 ba), hayaniya ta fi damunka kenan.

Sai abu na biyu, kar wani firikwensi ya zama ninki biyu ko uku na wani, don in mahaɗar ta ɗan karkace, ɓarnar 1 Hz za ta faɗa kan 2 da 3 Hz ka ɗauka amsa ce. Mu kan zaɓi ninkin da ba sa rabuwa biyu, mu bar wasu guraben babu komai da gangan, in aka ga wani abu ya tsiro a gurbin da ba a aika komai ba to an san sigina ta yi ƙarfi. Kuma ka nisanci 50 ko 60 Hz na wutar bango da 'ya'yansu.

Anti EEG:
Ni fa karatu kawai nake ina dariya, ku kuna maganar minti mu masu EEG, awon siginar ƙwaƙwalwa, a asibiti danna maɓalli ɗaya ne duk elektrod ɗin kan majiyyaci su nuna kore ko ja 😂 ƙasa da 5 kΩ mu ci gaba, sama da haka a koma a goge fata a ƙara jel. Me ya sa namu ke da sauri haka naku kuma sai an yi zaman jira?

Baba Injiniya:
'Yata tambayarku ce ƙarama shi ya sa amsar ke zuwa da wuri. Ku so kuke ku san ya manne ko bai manne ba, kuma shin biyun sun yi kusa da juna, domin in ɗaya 3 kΩ ɗaya 40 kΩ, hayaniyar wutar bango da ke kan jiki baki ɗaya sai ta rikiɗe ta zama bambanci tsakanin layukan biyu, amfilifaya ta ɗauka sigina ce. Firikwensi ɗaya a cikin zangon EEG ya wadatar. Misali cif ɗin ADS1299 da ake sawa a irin waɗannan na'urori yana iya tura ɗan karant 6 nA a 31.2 Hz ya karanta boltej ɗin da ya taso, 5 kΩ sau 6 nA 30 µV kenan, da tacewa mai kyau ana ganinsa. Elektrod ɗin ECG na awon zuciya na mannawa ma ƙa'idar AAMI EC12 a 10 Hz take auna su, a manna biyu jel da jel, matsakaici kar ya wuce 2 kΩ.

Sannan ku da Ag/AgCl kuke aiki, azurfa mai rufin kuloraid ɗinta, wanda caji ke ratsa mahaɗarsa cikin sauƙi saboda azurfar da kuloraid suna musanya kai tsaye, shi kuwa filatinam a ruwan gishiri kusan toshe yake kamar kafasita. Kuma abin da na'urarki ke nunawa mafi yawansa ba ƙarfe da jel ba ne, busasshen saman fata ne, shi ya sa gogewa ke saukar da shi nan take.

Anti EEG:
Allah sarki, shekara nawa ina goge kan mutane yau na ji dalili. Amma wani abu da na lura, in na manna na bar shi minti goma ko sha biyar ba tare da na taɓa komai ba sai in ga jan ya koma kore da kansa.

Malama Kemistiri:
Jel ɗin ne ke jiƙa fatar a hankali. Kuma kin taɓo ainihin ciwon ɗalibin nan ba ki sani ba. Shi ma mahaɗarsa tafiya take yi yayin da yake awo. Imfidans sai da sharaɗi uku yake da ma'ana, amsa ta zama a miƙe, ta zama siginar da ka aika ce ta jawo ta, kuma abin da kake aunawa ya tsaya cik har ka gama. Na ukun nan shi ne ke karyewa a wajensa. Ɗalibi, ka taɓa gwada bayananka da Kramers-Kronig, gwajin da ke duba ko sharuɗɗan nan sun cika? In ɓangaren gaske da ɓangaren kusurwa ba su yarda da juna ba a ƙasan firikwensi, alama ce abin ya motsa kana cikin awo. Nan ne ma na fi ganin amfanin maltisain fiye da saurin kansa, duk firikwensi a lokaci ɗaya aka ɗauke su, ba wai na sama da ƙarfe biyu na ƙasa da biyu da minti uku ba.

Ɗalibin Lab:
Ban taɓa ba Malama, kunya ma nake ji. Akwai maɓallinsa a manhajar ina ganinsa ina wucewa.

Oga Sakit:
Tunda an kayar da ni a kan 1 kHz bari in dawo ta wata ƙofa 😅 fols. Tura masa karant mai kusurwa huɗu, ka kalli boltej a osiloskof, zai yi tsalle nan take wannan turjiyar ruwa ce, sannan ya fara hawa a hankali wannan cajin kafasitar mahaɗa ne, gangaren hawan shi ne karant bisa kafasitans. Da lambobin Malama, 10 µA cikin 0.63 µF zai hau wajen 16 mV a milisakan ɗaya, tsallen farko kuma 1.7 mV. Milisakan ɗaya fa! Ka juya fols ɗin ya dawo da cajin da ya zuba don kar ya taru. Masu dashen na'urar ji a kunne da masu tsokanar jijiya da irin wannan suke duba elektrod kullum.

Baba Injiniya:
Hanya ce mai kyau kuma ina sonta, amma ba ta tsere wa abin da na faɗa ba. Fols na milisakan ɗaya labarin wajen 1 kHz zuwa sama yake ba ka, in kana son 1 Hz sai ka tsawaita shi zuwa wajen daƙiƙa, in ka tsawaita kuma da 10 µA ɗin nan boltej zai nemi hawa bolt goma sha wani abu, tun kafin nan ka fara fasa ruwa kana fitar da haidirojin da oksijin, ka ɓata fuskar da kake son aunawa. Dole karant ya sauko zuwa nano'amfiya. Sannan tsallen farkon nan a takarda ne yake da kaifi, a kan tebur kafasitans ɗin waya da jinkirin na'ura sukan murje shi ka rasa inda tsalle ya ƙare hawa ya fara.

Sabon Shiga:
Afuwan manya, tambayar jahilci, me zai hana ya yi awon waya huɗu? Mu an koya mana ita ce mafi inganci

Mai Batir:
Ba jahilci ba ne, amma ita waya huɗu an ƙirƙire ta ne don a kawar da imfidans ɗin mahaɗa a ga na ruwan ko na nama zalla, biyu na tura karant biyu na sauraron boltej ba tare da karant ya bi ta cikinsu ba. Shi kuma mahaɗar ce abin nemansa, in ya yi huɗu ya jefar da abin da ya zo saya kenan. Uku yake buƙata, wanda ake aunawa, da kaunta mai faɗi sosai wanda karant ke komawa ta cikinsa, da rafarens na Ag/AgCl wanda ake gwada boltej da shi. In ma ba rafarens, a auna bibbiyu tsakanin elektrod uku, A da B, A da C, B da C, sai a tara biyun farko a cire na ukun a raba biyu, na A ya fito.

Ɗalibin Lab:
To wani tunani ya zo min, me zai hana in tura wa duka 32 ɗin a lokaci guda, kowanne da nasa firikwensin ɗan bambanci kaɗan, FFT ta raba min su?

Baba Injiniya:
Ana yi, amma da tsada biyu. In kana son raba 1.0 Hz da 1.1 Hz sai ka saurara na daƙiƙa 10 aƙalla, don tazarar da FFT ke iya gani ɗaya bisa tsawon awo ce, ka ga lokacin da ka gudu ya biyo ka ta baya. Na biyu duk suna cikin ruwa ɗaya da kaunta ɗaya, karant ɗin wannan yana ɗaga boltej ɗin ruwan da ke gaban maƙwabcinsa. A ƙasan firikwensi inda mahaɗa ke da ɗaruruwan kΩ ruwa kuma ɗari da wani abu, wannan ba komai ba ne, a sama kuwa zai dame ka. Kuma kana buƙatar amfilifayar karant 32, kana da su?

Ɗalibin Lab:
Ɗaya gare ni Baba, da suwic 😂

Malama Kemistiri:
To ka manta da wannan. Kafin ma ka taɓa sigina, gaya min, ruwan a rufe yake? Kana auna zafinsa? Kondaktibitin ruwan gishiri yana hawa wajen 2% a kowane digiri ɗaya. Kuma ya kake wanke filatinam ɗin kafin ka tsoma, minti nawa kake bari ya zauna kafin awon farko?

Ɗalibin Lab:
A buɗe yake, zafi ban auna ba, ina kurkurewa da ruwa tsarkakakke in tsoma in fara nan take…

Malama Kemistiri:
Hmm. Wato na 1 kana auna shi yana da minti ɗaya a ruwa, na 32 yana da minti casa'in, sannan ka ɗora bambancin a kan rufi. Je ka dawo.

Ɗalibin Lab:
Na dawo jama'a, kwana biyu ina kai. Farko na haɗa rizisto da kafasita da na san ƙimarsu na gwada maltisain ɗin a kansu kamar yadda Yaya Mai Batir ya turo min ta akwatin sirri, ya fito daidai sai a can sama kusa da 100 kHz inda wayoyina masu tsawo ke ƙara nasu, na gajarta su. Na rufe kwanon, na sa tamomita, na bar farantin ya zauna ina kallon boltej ɗinsa da rafarens har ya daina sulalewa kafin na fara. Na koma tsofaffin bayanaina na ga bambancin masu rufi da marasa rufi ya riga ya buɗe sosai tun a 1 Hz, don haka na yanke a nan, yanzu zagayen 32 ɗin minti biyu da kaɗan ne, cikakken awo har 0.1 Hz kuma sau ɗaya a farko sau ɗaya a ƙarshe. Kramers-Kronig ya kayar da tsofaffin awon da yawa a ƙasan, sabbin suna wucewa.

Amma ga abin haushi, na 7 da na 19 da na yi sati ina rubuta cewa rufinsu ya lalace saboda imfidans ɗinsu ya ninka na saura, na ɗauki gilashin ƙara girma na leƙa, ashe kumfar iska ce 'yar mitsitsiya zaune a kan kowanne ta rufe wajen rabin fuskar. Na ɗan karkata farantin na ƙwanƙwasa gefen kwanon suka tashi, lambobin suka dawo cikin 'yan'uwansu.

Oga Sakit:
Hhhh kumfa! Kuma ka lura da 1 kHz ɗina da ta kama maka ita a daƙiƙa goma tun ranar farko, don rabin fili rabin kafasitans ne, turjiyar ruwan ma ta hau. Ku ba ni haƙƙina.

Malama Kemistiri:
An ba ka Oga, ya riƙa yin naka kafin kowane zagaye don duba kumfa da wayar da ta saki. Ɗalibi, turo min zanen na 7 kafin da bayan kumfar, ina so in nuna wa 'yan ajina ranar Litinin. Kuma ka rubuta zafin ruwan a jikin kowane fayil, kar ka ce za ka tuna.